Daga Lamba zuwa Allurar Cinya: Tarihin Rigakafi a Ƙasar Guri

Da yawa daga cikin dattawan Guri da Kadira da Musari, waɗanda suka haura shekara sittin, in suka naɗe hannun riga za ka ga tabo a dantse, zagayayye, ɗan lotsattse. Lamba ke nan, rigakafin agana, wadda ita ce rigakafin asibiti ta farko da mutanen wannan fadama suka sani. Jikokinsu kuwa yau allura ake yi musu a cinya har sau uku, a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa, domin a kare su daga mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙewar haƙora. Ita ba ta barin tabo, sai dai takan bar zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu da kukan dare. Lamba ta ci nasara har agana ta ɓace daga doron ƙasa, amma allurar cinya ta shafe fiye da shekara arba'in tana tafiyar hawainiya a ƙasar Haɗeja. A ganina dalilin yana cikin tarihin kansa. Hanyar da aka bi aka kawar da agana ta koya wa hukuma cewa umarni ya isa, ba sai an yi wa talaka bayani ba, alhali allurar da ake yi sau uku ba ta yiwuwa sai uwa ta dawo da ƙafarta, kuma uwar da aka ɓoye mata zancen zazzaɓi da wuya ta dawo.

Bayan Turawa sun ci Haɗeja da yaƙi a 1906, sha'anin lafiya ya bi layin da haraji ya bi: daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa. En'e ce take ɗaukar 'yan lamba da duba-gari aiki, kuma in za su shigo gari sai a yi shela a tara mutane a ƙofar gidan dagaci. A karce fata, a shafa ruwan maganin, bayan kwanaki wurin ya tashi ya yi ƙurji ya bushe ya bar shaida. Aikin ya dace da mulki irin wannan, domin sau ɗaya ya wadatar na shekaru, kuma duk mai son bincike hannun riga kawai zai ɗaga ya san wanda aka yi wa da wanda ya zille. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura aniyar gamawa da agana, sai aka shigo ƙasashen Afirka ta Yamma a 1967 da motoci da na'urar nan mai harba magani ba tare da tsinken allura ba, ana yi wa mutane a jere, ana haɗawa da rigakafin ƙyanda ga yara. Zuwa 1970 an ga ƙarshen agana a Nijeriya, a 1980 kuma aka shelanta cewa babu ita a duniya. Babban aiki ne, babu mai musu. Sai dai abin da ya bari a zukata shi ne cewa rigakafi baƙo ne da yake zuwa daga sama da rakiyar dogari, ya yi yini ɗaya ya wuce.

Cututtuka ukun da muke magana a kansu ba su da halin agana. Mashaƙo ƙwayar cuta ce da take kama maƙogwaro ta shimfiɗa wata fata mai kauri, ruwan toka, wuya ya kumbura, numfashi ya gagara. Ko yaro ya tsallake wannan, dafin da ƙwayar ta zuba cikin jini yana iya taɓa zuciya bayan mako biyu ko uku, a lokacin da iyaye suka ɗauka an warke. Tarin shiƙa kuwa babba yakan sha wahalarsa na makonni ya tashi, amma jaririn wata biyu ba ya ma iya yin tarin sosai, numfashinsa ne yake ɗaukewa, leɓensa ya canja launi. Ta ukun, sarƙewar haƙora, ita ce ta fi shafar mutumin fadama kai tsaye, domin ba a ɗaukarta daga jikin wani. Ƙwayarta tana kwance cikin ƙasa da kashin dabbobi shekara da shekaru, tana jiran rauni. Manomin shinkafa da kara ya soke shi a tafin ƙafa, masuncin da ƙugiya ko ƙayar kifi ta yanka, yaron da yake kiwo ba takalmi, duk suna kan hanyarta. Don haka ko duk garin Guri an yi musu allura sai mutum ɗaya, wannan ɗayan bai tsira da albarkacin maƙwabta ba, kuma ba za a taɓa kawar da ita yadda aka kawar da agana ba.

Inda ta fi yin ɓarna a da shi ne ɗakin mai jego. Ungozoma ta yanke cibiya da abin da ya sawwaƙa, a riƙa gasa ta da tsumma ko kasko mai ɗumi, wani gidan a shafa toka ko wani haɗi. Kafin suna ko ranar suna wanzami ya kwance zabira, ya cire beli, ya yi aski, in gidan masu tsaga ne ya yi tsaga. Jariri ya fito lafiya, yana kama nono kwana uku, huɗu, biyar, sai a wayi gari bakinsa ya ƙi buɗuwa. Fuska ta takure, yatsu su dunƙule, da an taɓa shi ko an yi ƙara sai ya sandare, bayansa ya lanƙwashe. Sau da yawa wannan yana faɗowa daidai da makon suna, ga ragon an tanada, shi ya sa aka fi danganta shi da iska ko baki ko maita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 1988 jarirai kusan 787,000 wannan ciwo ya kashe a duniya, zuwa 2018 kuma adadin ya sauko kusan 25,000. Abin da ya sauko da shi allurar da ake yi wa mai ciki ce, wadda kariyarta take bi ta mahaifa ta kai ga ɗan, sai tsabtar aska da reza, sai kuma daga baya man kuloheksidin da ake shafa wa cibiya. Ba a kori ungozoma da wanzami ba kafin a samu wannan sauƙi. Kayan aikinsu aka gyara.

Ita allurar ba sabuwa ba ce. A 1890 Behring, Bajamushe, da Kitasato, mutumin Japan, suka gano maganin karya dafin mashaƙo da na sarƙewar haƙora. A 1923 Gaston Ramon a Faransa ya gano yadda za a kashe kaifin dafin mashaƙo a mayar da shi rigakafi, aka bi da na sarƙewar haƙora a shekarar da ta biyo. Wasu mata biyu a jihar Mishigan ta Amurka, Pearl Kendrick da Grace Eldering, su suka tabbatar da rigakafin tarin shiƙa a shekarun 1930, kuma kafin 1950 an haɗa ukun cikin kwalba ɗaya. Nijeriya ta shigar da ita cikin shirin rigakafi na ƙasa a ƙarshen shekarun 1970, aka sake ɗaura ɗamara a 1984, sannan zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana ministan lafiya aka matsa da asibitocin karkara da ranakun rigakafi. Alƙaluman gwamnati na 1990 sun kai wajen kashi 80 cikin 100, amma binciken gida-gida na wannan shekarar ya nuna kusan yaro ɗaya ne cikin uku ya kammala allurar sau uku. Da masu tallafi suka ja baya sai abin ya zube: firji ya lalace babu mai gyara, babur babu mai, magani ya yanke. Jihar Jigawa da aka ƙirƙira a 1991 a cikin wannan zubewa ta buɗe ido. Binciken ƙasa na 2003 ya samu kashi 21 ne kacal a Nijeriya baki ɗaya, Arewa maso Yamma kuwa ba ta kai kashi 10 ba.

Mai karatu zai iya cewa ai dalilin sananne ne: mutanenmu sun ƙi rigakafi saboda zargi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma zargin bai faɗo daga sama ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano. Cikin yara 200 da aka yi gwajin da su 11 suka rasu, aka yi ta shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. A 2003 wasu jihohin Arewa suka dakatar da ɗigon shan inna bisa zargin yana hana haihuwa, Kano ba ta dawo ba sai a watan Yulin 2004, bayan an kawo maganin daga Indonesiya. Duk da haka, zargi kaɗai bai isa ya bayyana abin da alƙaluma suke nunawa ba. Mutumin karkara ba ya gudun allura. In ya je kemis aka ba shi ƙwaya ba allura, gani yake ba a yi masa magani ba. Kuma a kowane bincike, yaran da aka yi wa allurar farko sun fi waɗanda suka kai ta uku yawa nesa ba kusa ba. Uwar da ta goya ɗanta ta kai shi karon farko ba mai ƙin rigakafi ba ce. Wani abu ne ya faru tsakanin zuwan farko da na biyu. Shekarun shan inna ma, in aka duba, tsohuwar ɗabi'ar lamba suka farfaɗo da ita: ma'aikata gida-gida, alli a bango, tawada a ɗan yatsa, sarakuna a gaba tun daga kwamitin da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya kafa a 2009. An ci nasara a kan shan inna, amma ma'aikacin da ya tafi zagayen ɗigo ya rufe ɗakin shan magani ne ya tafi, iyaye da yawa kuma suka ɗauka ɗigon nan shi ne rigakafin gaba ɗaya. Binciken 2016 zuwa 2017 ya samu kashi 7 cikin 100 ne na yaran Jigawa suka kammala allurar cinya.

Wani ɓangare na abin da yake faruwa tsakanin zuwan farko da na biyu, ƙasar ce da kanta. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗeja ta canja, kachala ta toshe hanyoyinsa, ya riƙa malala inda ba a saba ba. Daga Agusta zuwa Oktoba akwai ƙauyukan Guri da ba a shigarsu sai da kwalekwale, a shekarun babbar ambaliya irin 2012 da 2022 kuwa har gidaje ake bari. Ga kuma al'ada: allurar farko tana faɗowa kwana biyu bayan arba'in, daidai lokacin da mai haihuwar fari take tattara kaya daga gidan iyayenta ta koma ɗakinta, wataƙila a wani gari, katin yaro a can, ita a nan. Fulani suna tashi da shanu, magidanta suna tafiya cin rani, kuma ba kowace mace ce za ta fita ba da izinin maigida ba. Waɗannan duka gaskiya ne. Amma uwar da ɗanta yake da ƙyanda tana shiga kwalekwalen nan ko da tsakar dare. Nisa yana hana tafiyar da ba a ga amfaninta ba ne, balle wadda aka ga wahalarta.

A nan ne ya kamata a tsaya a faɗi gaskiya. Allurar da ake yi yanzu, wadda tun 2012 aka ƙara mata rigakafin ciwon hanta da na wata ƙwaya mai kawo sanƙarau da ciwon huhu ta zama biyar a haɗe, tana ɗauke da ƙwayar tarin shiƙa sukutum, a kashe. Wannan ɓangaren shi yake tayar da jiki. Kusan rabin yara sukan yi zazzaɓi ko kumburi da ja da zafi a cinya, su yi rigima, su rage kama nono, abin ya lafa cikin kwana biyu. Wani lokaci ɗan ƙulli mai tauri yakan zauna makonni kafin ya baje. Kimanin ɗaya cikin ɗari ko fiye kaɗan yakan yi kuka mai tsanani na awa uku ko sama da haka. Wanda ba ya kai ɗaya cikin dubu shi ne yaron da zafin jiki yake sa shi jijjiga, ko wanda jikinsa yake saki ya yi laushi ya yi fari na ɗan lokaci. Abin tsoro ne ƙwarai a ido, amma bincike bai nuna yana barin naƙasa ba. Mummunan ƙin jinin magani, mai toshe numfashi cikin mintuna, wajen ɗaya ne cikin miliyan, kuma dominsa ake cewa a ɗan zauna bayan allura kafin a kama hanya. Sai a yi tunanin yarinya mai haihuwar fari a Abunabo ko Margadu, ta kai ɗanta yana wasa, ta dawo da shi, da magariba jiki ya yi zafi, ko zane ya taɓa cinyar sai ya tsandara ihu. Uwar miji tana tsaye a bakin ƙofa, ta ce ai ga irinta nan, an kai lafiyayye an sayo masa ciwo. Maigida bai runtsa ba, gobe kuma yana da gona. In babu wanda ya gaya musu tun da rana cewa haka za ta faru, kuma alama ce jiki yana aikinsa, to a wannan daren aka yanke hukuncin allura ta biyu.

Akwai kuma illolin da ba na maganin ba ne, na hannun mai yi ne, kuma adalci ne a raba su. Wannan magani sanyin ƙanƙara yana ɓata shi fiye da yadda mutane suke zato. In ya daskare a firji ko ya jingina da ƙanƙarar akwatin sanyi, ƙarfinsa ya tafi, kumburinsa ya ƙaru. Ma'aikacin da ya san aikinsa yakan girgiza kwalbar ya ajiye ya duba ko ta yi saurin kwantawa da gudaji. Allurar da ba ta shiga tsoka sosai ba, ko wadda ba ta da tsabta, ita take zama ƙurji mai ruwa. A da ma a ɗuwawu ake yi, inda kuskure kaɗan yake taɓa jijiyar ƙafa, shi ya sa aka koma gefen cinya, aka kuma koma sirinjin da ba ya sake aiki bayan sau ɗaya. Sannan fadama gidan sauro ce: yaron da aka yi wa allura ranar Talata yana iya kamuwa da zazzaɓin cizon sauro ranar Alhamis, ko da an yi ko ba a yi ba, amma allurar za a tuhuma.

Wasu ma'aikatan lafiya suna ganin in aka jera wa uwa waɗannan abubuwa za ta tsorata ta gudu, gara a ce mata ba komai. Tarihin wasu ƙasashe ya nuna inda wannan hanya take kaiwa. A Ingila, bayan wani rahoto na 1974 da ya danganta allurar da taɓuwar ƙwaƙwalwa, iyayen da suke ganin an daɗe ana rufe musu zance suka janye, adadin yaran da ake yi wa allurar ya faɗo daga kashi 77 zuwa wajen 30, tarin shiƙa ya dawo ya kama mutum fiye da 100,000 kafin 1980. Daga baya kotu da bincike ba su tabbatar da zargin ba, amma an riga an binne yara. A Japan an dakatar da allurar a 1975 bayan rasuwar jarirai biyu, a 1979 aka samu masu tarin kusan 13,000, mutum 41 suka mutu. Waɗannan ƙasashe ne masu boko da asibitoci, don haka kada a ce jahilcin ƙauye ne. Japan ɗin ce ta fito a 1981 da nau'in da aka tace, mai sauƙin zazzaɓi, kuma za a iya tambaya me ya sa ba shi ake kawo mana ba. Tsada tana ciki, ba a ɓoye wannan. Amma an kuma gano cewa kariyarsa tana saurin sanyi, har tarin ya sake ɗagowa a ƙasashen da suka koma kansa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu amfani da tsohon su ci gaba da abinsu. Mai cewa ƙaddara ce kuwa, ai Sayyadina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, kuma babu wanda ya fi shi sanin tawakkali a cikinmu.

Kuɗin shekarun sakaci ya zo biya. Tun a 2011 an ga alama a ƙauyen Kimba da ke ƙasar Biu, inda mashaƙo ya kama mutum 98 ya kashe kusan ɗaya cikin biyar. Daga ƙarshen 2022 kuwa sai ya ɓarke a Kano, ya bazu zuwa Yobe da Katsina da Bauchi da Borno da Jigawa, ya tsallaka Matamaye a jihar Damagaram. Dubbai suka kamu, ɗaruruwa suka rasu, maganin karya dafi ya yi ƙaranci domin kamfanonin da suke yin sa a duniya 'yan kaɗan ne. Akasarin waɗanda suka kwanta yara ne 'yan ƙasa da shekara 15 da ba su kammala allura ba, wato waɗanda aka haifa a shekarun da ake ɗiga musu maganin shan inna a zaure ana wucewa. Mutumin Guri da yake cin kasuwar Nguru da ta Haɗeja bai da katanga tsakaninsa da wannan. Annobar ta kuma tona wani giɓi: Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a ƙara wa yaro allurar tuni sau uku bayan na jarirai, a shekara ta biyu, da wajen shiga firamare, da gab da balaga, amma jadawalin Nijeriya bai ƙunshi wannan ba lokacin da cutar ta zo.

Jigawa ta motsa tun bayan dokar ta-ɓaci da aka sa kan rigakafi a 2017. Binciken 2021 ya nuna kusan rabin yaranta suna kammalawa, an samu firji mai aiki da hasken rana, an kuma gwada ba iyaye mata ɗan kuɗin mota a wasu asibitoci. Rabin da ya rage ba shela ce za ta kawo shi ba. Ma'aikacin da yake riƙe da sirinji a Guri ko Lafiya ko Adiyani ya ɗauki minti biyu kafin ya soka, ya gaya wa uwa cewa jiki zai yi zafi yau da gobe, ta yawaita ba da nono, ta rage masa kaya, ta ba da farasitamol gwargwadon da aka auna mata, kada a gasa wurin, kada a murza, kada a kai wa wanzami ya tsaga. Ya gaya mata in ta ga jijjiga, ko jiki ya saki, ko numfashi ya canja, ko kumburin yana girma yana tara ruwa, ko zazzaɓi ya wuce kwana biyu, ta dawo da shi nan take. Hakimai da limamai su kai wannan bayani zaure, wurin magidanta, domin su suke ba da izini da kuɗin babur. Iyayen da ambaliya ko ƙaura ko tsoro ya sa suka tsaya a allura ta farko kuma su sani ba a sake farawa daga tushe: ko an yi watanni, a ɗauko katin a je, daga inda aka tsaya za a ɗora.